Ranar da Aka Zare Waya a Gaban Baƙi

Shekara ashirin da uku Noreen Halvorsen ta yi tana aiki a ɗakin ƙasa na sashen kwamfuta, a wata jami'a da ke Wisconsin, kuma ba ta da digiri ko ɗaya. Da jan wayar tarho ta fara, tana rarrafe cikin silin da fitila a goshi. Abin da ta sani na sadarwa, a littattafan da malamai suka zubar ta koye shi, sauran kuma a hannu. Ita ta ɗaura akwatuna goma sha huɗu na cibiyar gwajin sashen, waɗanda ke warwatse a gine-gine biyar da garuruwa biyu. Aikin akwati shi ne ya karɓi saƙo ya miƙa shi gaba. Irin nasu ba ya tunanin kansa. Manhaja guda ce ke zaune a sama tana rubuta masa dokoki, saƙo kaza ya bi ƙofa kaza, shi kuma ya bi. Masu bincike ke rubuta manhajar, su ke samun suna. Noreen nata shi ne ta ga fitilun akwatunan ba su koma ja ba.

Ba ta taɓa jin haushin wannan rabo ba sai shekara biyu da suka wuce. Wata Talata da hantsi Farfesa Garrick Lomax, shugaban masu binciken, ya tsaya a ƙofar ɗakinta da kofi a hannu, ya ce ta buɗe mashigar da ke tsakanin cibiyar gwaji da layin da jami'a duka ke amfani da shi, na awa ɗaya kacal. Ta ce masa manhajar tasu ba ta nuna ba. Ya ce shi ne ya ce. A bayansa akwai Dokta Kaveh Daryani, babban mataimakinsa a bincike, yana tsaye yana ji.

Ta buɗe. Cikin minti goma manhajar ta rikice, ta cika layin jami'ar da saƙonni marasa kan gado, komai ya tsaya cik na awa huɗu, a makon da ɗalibai dubu talatin ke rajista. Da aka kafa kwamiti, Lomax ya ce shi bai tuna ya ba da irin wannan umarni ba. Ya ce kuskuren ma'aikaciya ne, kuma yana roƙon a yi mata sassauci saboda ta daɗe tana bauta wa sashen. Kaveh ya ce shi hankalinsa na kan wayarsa a lokacin. Aka sa takardar gargaɗi a fayil ɗinta, kujerar shugaban ma'aikatan sadarwa da ake shirin ba ta aka bai wa wani da ita ta koya wa aiki. Ƙaryar ta yi mata zafi, amma roƙon sassaucin shi ne ya fi ci mata rai. Mutumin da ya tura ka rami sannan ya tsaya a baki yana roƙon a tausaya maka ya yi maka laifi biyu.

Bayan wannan abu ta daina yarda da manhajar kowa. Ta shiga akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya ta rubuta wa kowanne doka tata: idan ƙofa ta mutu, juya saƙo zuwa ƙofa ta biyu nan take, kada ka tsaya tambayar kowa. Ba ta ɓoye ba. Ta rubuta a kundin aikin cibiyar, ta aika wa kowa saƙo. Babu wanda ya karanta, domin saƙon daga ɗakin ƙasa ya fito.

Sai ga Lomax da Kaveh sun fito da sabuwar manhaja mai suna Tamarack. Abin alfaharinta shi ne idan waya ta tsinke, tana samar wa saƙo wata hanya cikin kashi huɗu bisa dubu na sakan. Babban taron masana ya karɓi takardar bincikensu. Ranar Juma'a duka sashen suka tafi cin soyayyen kifi a bakin tafki, aka yi ta ɗaga kofuna, har Kaveh ya ajiye wa Noreen kujera kusa da shi ya tura mata kwanon cuku.

Ita kuwa lissafi take yi a zuci. Ta san tsawon kowace waya a cibiyar, domin ita ta ja su. Kafin akwatin da ke ɗaya garin ya kai ƙara wurin manhaja, ta yi tunani, ta dawo masa da amsa, lokacin da suka faɗa ya wuce sau da yawa. Ranar Litinin ta buɗe akwatunan. Kowace doka tana ƙirga saƙonnin da suka bi ta kanta, haka ake ƙera su. A duk lokutan da suka zare waya don gwaji, dokokin Tamarack ba su ƙirga komai ba a sakannin farko. Tata kuwa ta ƙirga miliyoyi.

Abu na farko da ake koya wa sabon ɗalibi a wannan fanni shi ne ya share akwati tas kafin gwaji, sannan ya buɗe ya duba da idonsa cewa ya sharu. Sun share, amma ɗan shirin da suke sharewa da shi yana cire dokokin da ke ɗauke da tambarinsu ne kawai, kuma babu wanda ya buɗe ya duba. Saurin da suka auna wata takwas, suka zana, suka aika wa duniya, saurin dokar Noreen ne.

Abin da ya dace shi ne ta hau sama a ranar ta faɗa musu. Ta san haka sarai, kuma kada wani ya yi mata uzuri da rashin sani. Ta buga ƙirgen a takarda, shafi shida, ta sa a aljihun tebur ta kulle. Wata uku ta yi tana gaisawa da su a matakala.

Sai aka ce wakilan hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken za su zo daga Washington su gani da ido, kafin a yanke ko aikin zai ci gaba wasu shekaru biyar. Saura kwana shida ta hau ofishin Lomax. Ta yi wa kanta alkawari a matakala cewa idan ya yi abu ɗaya, za ta sauka ta ɗauko masa takardun.

"A'a, sarauniyar ƙarƙashin ƙasa da kanta," in ji shi, bai ɗago daga kwamfutarsa ba. "Me ya ƙone?"

"Ba abin da ya ƙone, Farfesa. Maganar takardar da ke fayil ɗina ce."

"Wace takarda kuma?"

"Ta rajista. Layi biyu za ka rubuta wa kwamiti, ka ce kai ka sa ni na buɗe. Ba wanda zai taɓa ka yanzu, ka yi girman da ya wuce haka."

Ya cire tabarau ya dube ta kamar yadda ake duban mai tari a cikin mota. "Noreen, ke har yanzu kina nan? Shekara biyu fa. Ni na tsaya miki a wurin nan, da ba don ni ba da yanzu kina ɗaura wa mutane talabijin a gidajensu. Ki bar tonon abin da ya wuce, ba ya yi miki kyau."

"To shi ke nan."

"Yauwa. Tunda kin hawo ma, ki ji. Matar da ke jagorantar baƙin nan, Dokta Yolanda Pruitt, an ce mini 'yar ƙaƙale ce, tana sa a buɗe mata akwati ta leƙa. Ba na son ta ga tarkacen ɗaliban wasu. Ranar Laraba ki share komai, a bar Tamarack ita kaɗai."

"Komai da komai?"

"Yau kuma kunnen ne?"

"Akwai dokokin da na sa bayan abin rajista. Suna cikin kundin aiki, shafi na arba'in da ɗaya."

"Ni ban da lokacin karanta littafin tarihinki. Duk abin da ba namu ba, ya fita."

"Rubuta mini, ranka ya daɗe. Ka san ni da mantuwa. Kai ma kana da ita."

Ya ɗan tsaya, sannan ya yi dariya ta hanci, ya buga layi biyu ya aika mata tana tsaye. Ta karanta a wayarta, ta yi godiya, ta sauka. Ba ta yi masa ƙarya ko ɗaya ba, har shafin ta faɗa masa, kuma ta san cewa gaskiyar da aka faɗa don kada a ji ta ba ta da nisa da ƙarya. Wannan bai hana ta cin abincin rana da daɗi ba.

Ranar Laraba da yamma ta share akwatunan goma sha huɗu, ta buɗe kowanne ta duba da idonta. Ta aika wa Lomax da Kaveh saƙo cewa an gama, da shawarar su sake gwaji kafin safiya. Kaveh ya kunna Tamarack, ya ga hoton bidiyon gwaji na tafiya, ya ce ya isa. Bai zare waya ba, domin bakin wayar gilashin da aka keɓe don baƙi su zare sabo ne, ba ya son ya ɗauki ƙura.

Da ƙarfe goma na safiyar Alhamis ɗakin taro ya cika. An hau da akwati ɗaya sama an ɗora a tebur, da waya ruwan ɗorawa a jikinsa wadda aka ɗaura wa jan ƙyalle. A babban allo ana ganin wata mata a ɗaya garin, mil casa'in daga nan, tana kaɗa ƙaton goge irin wanda ake kafawa a ƙasa, sautin na zuwa kai tsaye ta cibiyar gwaji. Al'adar masu wannan bincike ce a bai wa babban baƙo ya zare waya da hannunsa, kowa ya ga hoto bai ko girgiza ba. Noreen ta tsaya a baya kusa da teburin kofi, da ambulan a hammata.

Lomax ya yi minti ashirin yana magana, kuma ya iya magana. Ya gode wa hukuma, ya gode wa shugaban tsangaya, ya gode wa Kaveh. Sannan ya miƙa hannu wajen wayar.

"Dokta Pruitt, bismillah. Ki tsinke mana duniya."

Matar doguwa ce mai furfura, ba ta yi dariya ba. Ta kama wayar ta zare.

Mai gogen ta daskare a allo, hannunta a sama, bakinta a ɗan buɗe. Sautin ya yanke. Wani a gaba ya yi tari. Noreen tana ƙirgawa a zuci, ɗaya, biyu, uku, kuma kowace lamba ta yi mata daɗi fiye da ta baya. A sakan na tara hoton ya dawo a farfashe, ya sake tsayawa, sannan ya daidaita.

"Sakan goma sha ɗaya a agogona," in ji Dokta Pruitt. "A takardarku kun ce nawa ne?"

Lomax ya ɗago kai. Idonsa ya tsallake kawunan mutane ya sauka a bayan ɗaki. "Wannan ba daga manhaja ba ne. An taɓa akwatunan jiya. Noreen, me kika yi wa cibiyar nan? Ku yi haƙuri, mun taɓa samun irin wannan matsala da ma'aikaciyarmu."

Ta ajiye kofinta ta tako gaba a hankali. "Abin da ka ce na yi, Farfesa. Ga shi a rubuce." Ta zaro shafin farko ta miƙa wa baƙuwar, ba shi ba. "Ya ce duk abin da ba nasu ba ya fita. Ya fita. Wannan da kika gani, Tamarack ce ita kaɗai."

"Me aka cire?" in ji Dokta Pruitt.

"Tarkacen ɗalibai, da doka ɗaya tawa a kowane akwati, mai juya saƙo idan ƙofa ta mutu." Ta miƙa sauran shafukan. "Wannan ƙirgen dokokin ne a ranakun da suka yi gwaje-gwajen takardarsu. Layin hagu nasu, na dama nawa."

Matar ta sa tabarau. Ta yi minti biyu tana bin layukan da yatsa, ba wanda ya motsa. Kaveh ya matso ya leƙa ta kafaɗarta, ya karanta rabin shafi, ya ja kujera ya zauna.

"Farfesa Lomax," ta ce, "kafin ku auna, wa ya buɗe akwatunan ya duba abin da ke ciki?"

"Muna da shirin da ke sharewa."

"Ba shi na tambaya ba."

Lomax ya sunkuyar da kai ya dubi akwatin.

"To saurin da kuka buga, na dokar wa ne?"

"Bisa ga wannan takarda, idan ta tabbata..."

"Kai ma ka iya karatu. Na wa ne?"

Ya lashi leɓe. "Na Malama Halvorsen."

A shekara ashirin da uku, ranar ce ta farko da Noreen ta ji sunan mahaifinta a bakinsa. Ta dube shi har sai da ya kawar da kai. Dokta Pruitt ta ninke shafukan, ta duba kwanan watan da ke saman shafukan ƙirgen, ta ɗago ta dubi Noreen na ɗan lokaci. Ta ce a mayar da wayar, a bar baiwar Allah ta ƙarasa kiɗanta.

Cikin mako biyu aka janye takardar daga taron. Hukuma ta dakatar da shawararta sai an sake awo, shugaban tsangaya ya karɓe ragamar cibiyar daga hannun Lomax, kuma labarin ya zaga jami'o'i yadda irinsa ke zagawa, kowa na sharewa da dubawa sau biyu yana ambaton sunansa. Lomax ya koma bin matakalar baya. Noreen ta san lokacin da yake bi, kuma sau biyu ta samu dalilin bi ta can.

Saura abu ɗaya, takardar da ke fayil ɗinta. Kwamiti ya ce zai sake duba maganar idan akwai sabuwar shaida, kuma mai shaida ɗaya ne a duniya, Kaveh. Ba sai da ta neme shi ba. Wata Litinin da azahar Kaveh ya sauko ɗakin ƙasa da kansa, ya tsaya cikin ƙugin fankoki, rigar sanyinsa a hannu.

"Jami'ar da ta kira ni aiki ta janye," ya ce. "Takardar zamana a ƙasar nan za ta ƙare a watan Yuni. Na ce bari in zo in faɗa miki, ko za ki so ki buga shi ma ki sa a ambulan."

"Zauna, Kaveh."

"Kwanan watan da ke takardun nan, na gani. Wata uku. Yarana sun zo nan kin ba su alewa a cikin wata ukun nan. Sau nawa muka ci abinci tebur ɗaya?"

"Da yawa."

"Kalma ɗaya za ki ce mini, duba ƙirge. Da na janye takardar da kaina, da ba wanda ya ji."

"Haka ne. Kai ma kalma ɗaya za ka ce wa kwamiti, ka ce musu wayarka kake kallo."

"Tsoro na ji. Lomax ke riƙe da takarduna, kin sani."

"Na sani. Yanzu ba ya riƙe da komai. Kwamiti na zama ranar Alhamis. Ka hau ka faɗi abin da ka ji."

Ya yi murmushi marar daɗi. "Shekara biyu ina kwana da maganar nan, Noreen. Wallahi na tsara cewa ranar da na sa hannu a sabon aiki, washegari zan rubuta musu. Wasiƙar ma tana cikin kwamfutata."

"Sai ka aika."

"Na goge ta ranar Alhamis ɗin da aka zare wayar." Ya sa rigar sanyinsa, yana ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya. "Ba na ce kin yi ƙarya ba. Ni na yi ƙarya, ke ba ki yi ba. Amma ba zan hau ba. Ki riƙe takardarki, ni ma an ba ni tawa."

Ya fita, ƙofar ƙarfen ta rufe kanta a hankali.

Noreen ta daɗe a zaune. Mace ce mai yi wa kanta gaskiya, don haka ta ɗora abubuwan biyu ta auna: gargaɗin da zai zauna a fayil ɗinta har ta yi ritaya da mutumin da zai kwashe yara biyu ya bar ƙasa, a gefe guda kuma fuskar Lomax cikin sakan goma sha ɗayan nan. Ta nemi nadama a zuciyarta da gaske. Ta samu kaɗan, a ɓangaren yaran. A ɓangaren Lomax ba ta samu komai ba, kuma ta gane cewa da za a mayar da ita safiyar Alhamis ɗin, a wurin nan dai za ta tsaya da ambulan ɗinta. Wannan ne ya tsorata ta, fiye da maganar Kaveh.

Wayarta ta yi ƙara. Fankar akwati na tara ce ke neman mutuwa, a ginin da ke ƙetaren tafki. Ta ɗauki jakar kayan aiki da sabuwar fanka daga kantar kaya, ta naɗa mayafin wuya, ta hau matakala. A waje dusar ƙanƙara ta fara sauka, sai da ta kankare gilashin motar kafin ta tayar.